Yadda narkewar ƙanƙara ke tilasta wa Suwizalan sake zana taswirar tsaunukanta

Da yammacin ranar Laraba 28 ga watan Mayun 2025, wani ƙaton ɓangare na kogin ƙanƙarar Birch ya ɓalle daga saman tsauni a kudancin ƙasar Suwizalan. Ya gangaro da duwatsu da laka, ya binne mafi yawan ƙauyen Blatten kafin mutum ya gama shan kofin shayi.

Mazauna ƙauyen, su kimanin 300, sun tsira ne saboda hukumomi sun kwashe su kwana tara kafin lamarin, bayan masu awo sun lura cewa tsaunin da ke saman ƙanƙarar yana tsagewa, yana zubo mata duwatsun da nauyinsu ya fi ƙarfinta. Har dabbobi sai da aka fitar. Mutum ɗaya ne ya rasu, wani dattijo mai shekara 64.

Tun daga wannan yammacin, duk wata taswirar kwarin Lötschental da ke cikin jakar matafiyi ta zama tsohon labari. Gidajen da ta nuna suna ƙarƙashin ƙasa. Titin da ke ratsa kwarin ya yanke. Kogin Lonza, wanda aka zana da siririn shuɗin layi, ya toshe ya zama tafki, ruwansa ya shanye gidajen da zaftarewar ta bari a tsaye.

A ƙasashe da dama, kuskure a taswira ba wani babban abu ba ne. A Suwizalan kuwa batu ne na rai da mutuwa. Tsaunukan Alps sun cinye kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, kuma akwai kololuwa 48 da tsayinsu ya haura mita 4,000. Makiyaya da sojoji da masu aikin ceto da dubban 'yan yawon buɗe ido suna shiga lungunan da babu titi, wani wurin ma babu sabis ɗin waya, suna dogaro da abin da aka zana musu.

Kusan shekara 190 ke nan ƙasar tana auna tsaunukanta, har taswirorinta suka zama abin misali a duniya. Sai dai yanzu tsaunukan suna sauya kama da saurin da ya sa masu zanen ke bin su a guje.

Takardar da ke nuna tudu da gangare

Taswirar da yawancin mutane suka sani ta wayar hannu ce, wadda ke nuna titi da kwana da gidan mai. Irin wannan ba ta da amfani sosai ga wanda ya bar kwalta ya nufi tsauni, domin abin da zai wahalar da shi shi ne hawa da gangara, kuma ita ba ta nuna su.

Taswirar yanayin ƙasa ita ce ke nuna siffar wuri: inda ya tashi, inda ya faɗa, inda dutse ya miƙe kamar bango. Babban sirrinta shi ne layukan tsayi. Kowane layi yana bi ta wuraren da tsayinsu daga saman teku ya zo ɗaya. Da mutum zai iya bin layi guda da ƙafa, zai zagaye tsaunin ba tare da ya hau ko ya sauka ba.

A taswirar Suwizalan mai ma'aunin 1:25,000, santimita 4 a takarda na nufin kilomita 1 a ƙasa. A yankin Alps, tsakanin layi da layi akwai bambancin tsayi na mita 20, sannan kowane layi na biyar ya fi sauran kauri domin sauƙin ƙirge. Inda layukan suka ware da juna, ƙasa ce mai sauƙin tafiya. Inda suka matse, hawa ne mai tsanani.

Launin layin ma magana yake yi. Ruwan ƙasa na nufin ƙasa ce mai ciyawa ko daji. Baƙi na nufin tsakuwa da ɓaraguzan dutse, waɗanda ke zamewa ƙarƙashin ƙafa. Shuɗi kuwa yana nuna kogin ƙanƙara, wato dusar ƙanƙarar da ta taru shekaru aru-aru ta daskare, tana gangarowa a hankali, cike da ramuka masu zurfi da sabuwar dusa kan rufe bakinsu.

Wanda ya iya karatun layukan zai san abubuwa da yawa tun yana gida. Alal misali, dusar ƙanƙara ta fi zaftarewa a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa sama. A wannan taswira, idan mutum ya ɗora ruler ya ƙirga layuka bakwai cikin santimita ɗaya, to gangaren ya kai kusan wannan mataki. Haka kuma, tunda sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6 a duk hawan mita 1,000, matafiyin da ya baro gari cikin riga mara nauyi zai iya lissafa irin sanyin da ke jiran sa a sama.

Janar ɗin da ya auna ƙasa

Tarihin wannan aiki ya faro ne tun kafin Suwizalan ta zama dunƙulalliyar ƙasa. A farkon ƙarni na 19, yankunan da ake kira kanton kusan cin gashin kansu suke yi, kowanne da kuɗinsa da ma'auninsa. Babu wata taswira ta hukuma da ta haɗa su duka.

Mutumin da ya ɗauki nauyin haɗa ta shi ne Guillaume-Henri Dufour, injiniya kuma hafsan soja daga Geneva. Ya karɓi jagorancin aikin a farkon shekarun 1830, kuma a 1838 ya kafa ofishin awon ƙasa a Carouge, kusa da Geneva. Wannan ofishi ne ya rikiɗe ya zama hukumar da a yau ake kira swisstopo, mai hedikwata a Wabern, gefen birnin Bern.

Dabarar da suka bi ita ce awon alwatika. Da farko an auna wani miƙaƙƙen layi mai tsawon kimanin kilomita 13 a filin Grosses Moos, sanda bayan sanda. Daga bakin layin biyu aka hango wani tudu aka auna kusurwoyi, lissafi ya ba da nisansa. Daga wannan tudu aka hango na gaba. A haka aka yi ta saƙa alwatika a kan alwatika har aka rufe ƙasar baki ɗaya.

A takarda abin da sauƙi. A aikace kuwa sai an ɗauki na'urar awo mai nauyi an hau da ita kololuwa, an kafa tanti, an zauna kwanaki ana jiran gajimare ya yaye. A watan Yulin 1832, tsawa ta faɗa wa tantin mai awo Antoine-Joseph Buchwalder a saman tsaunin Säntis. Mataimakinsa ya mutu nan take, shi kuma ya sauko da ƙyar da raunuka. Wasu kololuwar ma masu awon ne suka fara taka su. Johann Coaz, ɗaya daga cikin ma'aikatan Dufour, shi ne ya jagoranci hawan farko na Piz Bernina a 1850, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a gabashin Alps.

An buga taswirar tsakanin 1845 da 1865, a falle 25, da ma'aunin 1:100,000. A kan farantin jan ƙarfe aka sassaƙa ta da hannu. Ba ta da layukan tsayi, sai dubban ƙananan tsage da aka jera bisa gangaren kowane tsauni, aka ƙara musu duhu a gefe ɗaya kamar haske na zuwa daga arewa maso yamma. Idan aka haɗa fallayen, faɗinsu ya kai mita uku da rabi, kuma mai kallo zai ga kamar tsaunukan sun taso daga takardar. Tun kafin a kammala ta, ta samu lambar zinare a bikin baje kolin duniya na birnin Paris a 1855.

Ana tsakiyar aikin ne yaƙin basasa ya ɓarke a 1847. Dufour ne ya jagoranci sojojin tarayya, ya kawo ƙarshen faɗan cikin ƙasa da wata guda. A 1848 aka kafa tarayyar Suwizalan ta zamani, taswirar ta zama hoton farko da al'ummar da ke magana da harsuna huɗu suka ga ƙasarsu a matsayin abu ɗaya. A 1863 gwamnati ta sanya sunansa ga kololuwa mafi tsayi a ƙasar, Dufourspitze, mai mita 4,634. A wannan shekarar ce kuma ya kasance cikin mutum biyar da suka kafa kwamitin da ya zama ƙungiyar agaji ta Red Cross.

Dutsen da ake auna kowane tsauni da shi

Duk wani adadin tsayi da ke taswirar ƙasar yana komawa ne ga wani dutse da ke cikin ruwan tafkin Geneva, ɗaya daga cikin biyun da ake kira Pierres du Niton. An kafa masa alamar ƙarfe, daga ita ake ƙirga sauran wurare.

Tsofaffin taswirori sun ɗauka alamar tana mita 376.86 sama da teku. Da aka sake lissafi a farkon ƙarni na 20, sai aka gano mita 373.6 ce. Ke nan a sababbin taswirori kowane tsauni ya ragu da fiye da mita uku, ba tare da ko tsakuwa ɗaya ta motsa ba. Wannan ya nuna yadda masu aikin suka ɗauki sana'arsu: idan awo ya nuna an yi kuskure, gyarawa ake yi ko da zai shafi ƙasar gaba ɗaya.

Daga tsage zuwa layukan tsayi

Taswirar Dufour ta yi kyau a bango, amma ta yi wa mai hawan tsauni ƙanƙanta, domin santimita ɗaya a cikinta kilomita guda ce. Ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta ƙasar, wadda aka kafa a 1863, ta matsa lamba a fitar da zanen da ya fi bayani.

Daga 1870 aka fara buga taswirar Siegfried, mai ɗauke da sunan Hermann Siegfried, wanda ya gaji Dufour. Ta kai falle sama da 600, kuma ita ce ta kawo layukan tsayi.

A 1935 majalisa ta yi dokar sabuwar taswirar ƙasa, bayan doguwar muhawara kan ma'aunin da ya dace. Cikin waɗanda suka dage a kan cewa har lungunan Alps sun cancanci ma'aunin 1:25,000 akwai Eduard Imhof, farfesa a jami'ar kimiyya da fasaha ta ETH da ke Zurich. An fara buga wannan jeri a 1952, ba a kammala ba sai 1979. Falle 247 ne.

Imhof, wanda ya rayu daga 1895 zuwa 1986, mai zane ne kafin komai. Ya koyar da cewa inuwa ce ke sa ido ya gane tsauni. Shi ya sa ake haska tsaunukan daga sama ta hannun hagu, gefe ɗaya da ɗan rawaya kamar rana ta taɓa shi, ɗaya gefen da toka-toka mai shuɗi. Idan aka juya hasken ya fito daga ƙasa, idon mutane da yawa kan ruɗe, su ga kwari kamar tudu, tudu kuma kamar kwari.

Abin da ya fi fito da taswirar Suwizalan daban shi ne zanen duwatsu. Inda bango ya miƙe tsaye, layukan tsayi kan hau kan juna har ba a iya karanta su. A nan mai zane ke zama da hotunan sama, yana fitar da kowace tsaga da kowane ƙoƙo na dutsen da siraran layuka. Aiki ne da ake shekaru ana koyo, kuma mutane ƙalilan ne suka iya shi. Amfaninsa shi ne mai hawa zai kalli takarda ya kalli dutsen da ke gabansa, ya gane ta wace tsaga zai bi.

Sunan da suka yi ya sa lokacin da Ba'amurke Bradford Washburn ya so a yi cikakkiyar taswirar tsaunin Everest, wurin 'yan Suwizalan ya je. Su ne suka zana ta, mujallar National Geographic ta raba miliyoyin kwafinta a 1988.

Duk da tsananin ƙa'idar aikin, masu zanen ba su rasa raha ba. Wasunsu sun riƙa ɓoye ƙananan hotuna cikin layukan, su wuce idon masu dubawa. An taɓa gano gizo-gizo a jikin tsaunin Eiger, da kifi a gefen wani tafki kusa da iyakar Faransa. A 2016 kuma aka gano hoton marmot, wata dabbar tsauni mai kama da ƙaton kurege, a laɓe cikin zanen duwatsun da ke kusa da kogin ƙanƙarar Aletsch, bayan ta shafe shekaru a wurin ba wanda ya lura.

Hanyoyin ƙafa a kundin tsarin mulki

Taswirar ba ita kaɗai take aiki ba. Suwizalan na da hanyoyin ƙafa masu alama da tsawonsu ya haura kilomita 65,000. Wani malamin makaranta, Johann Jakob Ess, na cikin waɗanda suka assasa tsarin alluna masu launin rawaya a shekarun 1930. A 1979 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar sanya kula da hanyoyin ƙafa cikin kundin tsarin mulki.

An kasa hanyoyin gida uku. Rawaya zalla hanya ce da kowa zai iya bi. Fari da ja da fari hanyar tsauni ce, siririya, mai buƙatar takalmi mai ƙarfi da ƙafar da ba ta rawa. Fari da shuɗi da fari kuwa ta ƙwararru ce. Tana iya ratsa ƙanƙara ko tsakuwa, wani wurin sai an kama dutse da hannu, wani wurin ma babu sawun hanyar sai fentin da aka shafa a jikin duwatsu.

Allunan ba sa faɗin kilomita. Awa da minti suke rubutawa, domin kilomita biyu a fili da kilomita biyu a hawa ba tafiya ɗaya ba ce.

Muhimmancin waɗannan bayanai ya fito fili a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da hukumomi suka cire allunan hanyoyin suka kuma taƙaita sayar da taswirori, don kada su zama jagora ga sojojin da za su iya kutsowa.

Taswira a cikin waya

A yau jiragen sama ne ke ɗaukar hotunan ƙasar, suna sake bi ta kan kowane yanki duk bayan shekara uku. Akwai kuma na'urorin da ke harba hasken lesa zuwa ƙasa suna auna tsayi a kowane taku. Daga ranar 1 ga Maris ɗin 2021, swisstopo ta buɗe bayananta na intanet kyauta ga kowa.

Mai waya zai iya sauke taswirar yankin da zai je tun yana da sabis, ya ga ɗigon da ke nuna inda yake, ya kunna launin da ke fito da duk gangaren da ya haura digiri 30, ya kuma ga hanyoyin da aka rufe. A lokacin hunturu, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos na fitar da rahoton haɗarin zaftarewa mai matakai biyar. Idan abu ya ɓaci, lambar 1414 na kiran jiragen ceto masu saukar ungulu na Rega.

Sai dai duk wannan bai kawar da haɗari ba. Sanyi na cinye batir da wuri. Yatsun da suka daskare ba sa iya latsa fuskar waya. Jirgin ceto ba ya tashi cikin guguwa. Sannan ƙaramin allon waya na nuna wa mutum inda yake, amma ba ya nuna masa faɗin yankin yadda zai zaɓi wata hanyar idan ta farko ta gagara. Shi ya sa masu koyar da hawan tsauni har yanzu suke nanata a riƙe taswirar takarda da kamfas, a kuma iya aiki da su.

A ƙarshen watan Afrilun 2018, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da mutum 14 a yankin Pigne d'Arolla, a kan shahararriyar hanyar da ta haɗa Chamonix da Zermatt. Sama da ƙasa suka zama fari ɗaya, ba a ganin ko gaban ƙafa. Sun kwana a fili a tsayin sama da mita 3,000, alhali masaukin Vignettes da suka nufa yana 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda suke. Bakwai daga cikinsu sun mutu, har da jagoran tafiyar.

Wurin yana cikin wuraren da aka fi aunawa a duniya. Abin da masana harkar ke koyarwa shi ne mafi girman amfanin taswira a gida yake, kafin a fita: a duba inda hanya ta matse, a san inda za a iya juyawa, a kuma haƙura da tafiyar idan hasashen yanayi bai yi kyau ba.

Tsaunukan da suka ƙi tsayawa wuri ɗaya

Babban ƙalubalen yanzu shi ne ɗumamar yanayi. Cibiyar da ke sa ido kan kogunan ƙanƙarar ƙasar, GLAMOS, ta ce sun yi asarar kashi 6 cikin 100 na girmansu a 2022, da wani kashi 4 a 2023. Ke nan kashi ɗaya cikin goma ya tafi cikin shekara biyu, kwatankwacin abin da ya narke tsakanin 1960 da 1990.

Ga mai tafiya a ƙafa, wannan na nufin shuɗin da ke taswirarsa ba lallai ya same shi a wurin ba. Inda takarda ta ce ƙanƙara ce shimfiɗaɗɗiya, zai iya tarar da tsakuwa mai zamewa, ko sabon tafki, ko rami mai zurfi.

Aletsch, kogin ƙanƙara mafi tsawo a Alps mai kimanin kilomita 20, ya ja da baya da fiye da kilomita uku tun ƙarshen ƙarni na 19. Masaukin Konkordia da aka gina a gefensa a 1877 yana kusa da ƙanƙarar ne a wancan lokaci. Yanzu sai an hau ɗaruruwan matakalar ƙarfe da aka manna a jikin dutse kafin a kai gare shi, kuma an sha ƙara wa matakalar tsawo saboda ƙanƙarar na ci gaba da nutsewa.

A yankin Trift, da ƙafa ake tsallake ƙanƙara zuwa masaukin da ke can sama. Da ta narke ta bar tafki da wawakeken rami, dole aka rataya gada a 2004, aka sake ta da wata mai tsawon mita 170 a 2009, tana lilo kimanin mita 100 sama da ruwa.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. A can saman tsaunuka, ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse ita ce ke riƙe su kamar siminti. Idan ta narke, dutse kan saki. A watan Agustan 2017, kimanin kubik mita miliyan uku na dutse suka ɓalle daga Piz Cengalo a kudu maso gabashin ƙasar, suka hallaka masu tafiyar ƙafa takwas a kwarin Bondasca, laka kuma ta kwarara har cikin ƙauyen Bondo.

Iyakar ƙasa ma ta gusa

Narkewar ta taɓa har iyakar ƙasa. A wurare da dama, iyakar Suwizalan da Italiya tana bin doron tsauni ne, wato layin da ruwa ke rabuwa, wani ya gangara arewa wani kudu. Inda doron na ƙanƙara ne, idan ta narke layin ma gusawa yake yi.

Haka ta faru kusa da tsaunin Matterhorn. Wani masauki mai suna Rifugio Guide del Cervino, da aka gina a 1984 a ɓangaren Italiya a tsayin kusan mita 3,500, ya wayi gari mafi yawan gininsa na ɓangaren Suwizalan bayan kogin ƙanƙarar Theodul ya ja baya. Tunda wurin na tsakiyar wani babban yankin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, maganar ta shafi haraji da lasisin gini da kuɗin shiga.

Kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu ya cim ma daftarin gyaran iyakar yankin a watan Mayun 2023, gwamnatin Suwizalan kuma ta amince da shi a watan Satumban 2024. An yi komai ne a teburin shawara, da alƙaluman masu awo a gaban kowa.

Aikin da ba shi da ranar gamawa

A shafin intanet na swisstopo akwai wata manhaja da ke bai wa mutum damar zaɓar wuri ɗaya ya riƙa jan shekaru, daga zamanin Dufour zuwa yau. A filayen ƙasar, garuruwa ne ke faɗaɗa. A tsaunuka kuwa ƙanƙara ce ke tsukewa, tafkuna na ɓullowa inda babu su a da, hanyoyin ƙafa na kauce wa tsohon sawunsu.

Tsofaffin fallayen da aka zana domin sojoji da matafiya sun zama hujjar da masana ke auna yawan ƙanƙarar da ta tafi da ita. Awon da ya samar da su kuma shi ne, a sabuwar sigarsa, ya hango motsin dutsen da ke saman Blatten, har aka kwashe mutane kafin ya sauko.

Hukumomin yankin sun ce za a sake gina Blatten. Kafin a aza tubali ɗaya, sai masu awo sun tantance inda ƙasa ta zauna, da inda kogin Lonza ya yi sabuwar hanya, da gangaren da har yanzu ba a amince da shi ba. Shi kuwa matafiyin da zai shiga kwarin, ko wani lungu na Alps, abu na farko da ya kamata ya duba a taswirarsa shi ne shekarar da aka sabunta ta.